Gajarta Gado Ce? Martani Ga Mai Cewa A Daina Auna 'Ya'yanmu

Kwanakin baya wani ɗan'uwa marubuci, wanda na daɗe ina bin rubutunsa kuma nake ganin girmansa, ya fitar da makala mai zafi a kan ma'aikatan nan da ke zagaya ƙauyuka da allon awo da sikeli suna auna yara da iyayensu mata. Abin da Malam ya ce a dunƙule shi ne, ma'aunin na Turawa ne, daidai jikin 'ya'yansu aka yanka shi. Tsawo da gajarta halitta ce kuma gado ne, saboda haka babu wanda ya isa ya kira ɗan wani tsumburarre don kawai bai kamo ɗan Amurka ba. Alƙaluman da ake yaɗawa cewa fiye da rabin yaran Arewa maso Yamma sun tsumbure kuwa, a ganinsa ƙungiyoyin agaji ne ke kumbura su don kada kuɗin tallafi ya yanke. Ya ƙare da shawarar a tattara allunan a ajiye, kuɗin awon a sayi hatsi a raba wa talakawa.

Makalar ta karɓu, kuma ban yi mamaki ba. Mun gaji da jin sunan jihohinmu a saman duk wani jadawalin abin kunya, har ta kai idan wani ya tashi ya ce ƙarya ake yi mana sai mu ji sanyi a rai. Ni ma ina jin wannan haushin. Sai dai jin haushin magana bai taɓa mayar da ita ƙarya ba, kuma a wannan karon Malam ya ɗora gininsa a kan abin da ya daina zama gaskiya tun shekarar 2006.

Da a ce a 1990 ya yi wannan rubutu, da na tafa masa. Ma'aunin da duniya ke amfani da shi a lokacin na Amurka ne tsantsa, an fito da shi a 1977, kuma ɓangaren jarirai an ɗauko shi ne daga 'ya'yan Turawa masu rufin asiri a wani yanki na jihar Ohayo, yawancinsu ma madarar gwangwani aka shayar da su. Masana da kansu suka gano cewa jaririn da ke shan nonon uwa ba haka yake girma ba, ana ta ganin kamar ya gaza alhali lafiyarsa ƙalau. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake lale. Daga 1997 zuwa 2003 aka bi girman yara kimanin 8,500 a ƙasashe shida: Barazil, Indiya, Nowe, Oman, Amurka, da Ghana, nan maƙwabtanmu, a birnin Akara. Ba kowane yaro aka ɗauka ba. An zaɓi waɗanda aka haifa cikakkun watanni, uwa na shayar da su nono, ba ta shan taba, gidan kuma ba ya fama da yunwa ko rashin magani. Tambayar da aka sa a gaba ita ce, idan ba a tauye wa yaro komai ba, yaya yake girma?

Amsar da ta fito ita ce ta rushe maganar Malam. Ɗan Akara da ɗan Oslo da ɗan Delhi, tsayinsu a shekarun farko kusan ɗaya ne. Bambancin da za a iya jingina wa ƙasar da yaro ya fito bai wuce kashi 3 cikin 100 na dukan bambancin da aka gani ba. Mafi yawan bambancin tsakanin yaro da yaro ne a gari guda, wato wannan gadon da Malam yake magana a kai, wanda yake nan a kowace al'umma. Daga wannan binciken aka fitar da ma'aunin 2006, shi ne kuma wanda ake auna yaranmu da shi yau. Akwai baƙar fata a cikinsa, akwai Larabawa, akwai Indiyawa.

Ma'aunin kuma bai ce kowa sai ya zama dogo ba. Wannan ita ce gaɓar da nake ganin ta kuɓuce wa Malam, kuma ta kuɓuce wa da yawa cikin masu yi masa na'am. Yaro namiji ɗan shekara biyu, tsaka-tsakin tsayinsa wajen santimita 87 ne. Ba a lissafa shi cikin tsumburarru sai ya gaza kai wajen 81. Tsakanin nan akwai fili mai faɗi ga ɗan gajeren uba da ɗan gajeriyar uwa. An ja layin ne a inda, a garin da kowane yaro ke ƙoshi kuma yake da lafiya, yara biyu ko uku ne kacal cikin ɗari za su faɗo ƙasansa saboda halitta kawai. To mu ba gado haƙƙinsa: biyu zuwa uku cikin ɗari. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2018, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar, ya samu kashi 37 a Nijeriya baki ɗaya, kashi 57 a Arewa maso Yamma, 66 a Kebbi, 64 a Jigawa. A Anambra 14 aka samu. Sauran sittin da wani abu na Kebbi, daga wajen wane kaka suka gado shi?

Idan kuma za a ce ai jinsin Kebbi daban na Anambra daban, sai a duba cikin alƙaluman. A gidajen da suka fi talauci, kashi 55 na yara sun tsumbure; a gidajen da suka fi wadata, 17. 'Ya'yan matan da ba su yi boko ba, 54. 'Ya'yan waɗanda suka wuce sakandare, 14. Jini ba ya duba aljihun uba kafin ya yanke tsayin ɗa. Ba ma sai an je ga takarda ba. Duk wanda ke zuwa ƙauye bikin Sallah ya ga yadda ake tsayar da ɗan wa da ɗan ƙane, sa'o'in juna, ɗaya ya tashi a birni ɗaya a gida, a yi ta dariya ana cewa ɗan birni ya tsere wa ɗan'uwansa. Kakansu ɗaya. Mutanen Holan da ake misali da tsawonsu yau, a tsakiyar ƙarni na 19 suna cikin gajerun Turai. Wani babban nazari da aka buga a 2016 ya nuna matan Koriya ta Kudu da aka haifa a 1996 sun fi kakanninsu na 1896 da kimanin santimita 20. Babu wanda ya sauya musu jini.

Akwai kuma wata shaida da ta fi waɗannan ƙarfi a wurina, ita ce lokacin da abin ke faruwa. Yaranmu ba a tsumbure ake haihuwar yawancinsu ba. A watannin farko, lokacin da nono ke riƙe da su, waɗanda suka faɗo ƙasan layi ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Daga wata shida sai layin girmansu ya fara karkata, ya yi ta sauka har zuwa shekara biyu, inda a tsakanin shekara biyu zuwa uku ake samun kusan rabinsu a ƙasa. Bayan nan sai abin ya tsaya inda ya tsaya, kuma da wuya a maido da abin da aka rasa. Me ya sa gado zai jira sai ranar da aka fara ba yaro kunu sannan ya bayyana?

Mu tsaya a kan kunun nan, domin a nan maganar take. Cikin ɗan wata takwas bai fi ƙaramin kofin shayi ba. Abin da aka zuba a ciki shi ke nan, sai kuma an jima. A gidaje da yawa abin da ake zubawa koko ne ko kunun gero tsararo, wanda aka ƙara wa ruwa don ya wuce maƙogwaro ba tare da yaro ya ƙware ba, sai ɗan sukari idan akwai. Yaro ya sha, ciki ya yi tim, ya yi barci, uwa ta ce ya ƙoshi. Ruwa ne ya cika shi. Babu mai, babu gyaɗa, babu waken suya, babu ƙwai, babu garin kifi. Ya kai shekara ɗaya da rabi, sai a zaunar da shi a bakin kwano ɗaya da yayyensa 'yan shekara biyar da bakwai. Kafin ya gutsuri lomar tuwo ya busa ta huce, an sheƙe miyar, an bar masa gaya. Tsokar naman da ta shigo gidan, in ta shigo, tana kwanon maigida. Binciken 2018 ya ce cikin yara 'yan wata 6 zuwa 23, kashi 11 ne kawai ke samun abin da ake ɗauka mafi ƙarancin abinci mai gamsarwa, a yawan ci da kuma gaurayen kala.

Wannan ne ya sa hujjar Malam ta cewa Arewa ce ke ciyar da ƙasa, don haka 'ya'yanta ba za su tsumbure ba, ba ta kama ni ba. Gaskiya ne tireloli na fita daga Dawanau maƙare da wake da gero da riɗi. Gaskiya ne da damina za ka ga yara a bakin titi da kwanukan dafaffen ƙwan zabi suna bin motoci. Sai a tambaya ko ƙanen wannan mai tallan ya taɓa cin ɗaya. Ƙwan na sayarwa ne, nonon na sayarwa ne, awarar da aka soya da sassafe ta talla ce. A wasu gidajen ma har yanzu ana cewa in aka saba wa yaro da ƙwai zai yi sata. Abinci ya wuce ta ƙofar gida daban, ya shiga bakin ɗan wata tara daban. 'Yan'uwanmu na Nijar sun ga wannan ƙuru-ƙuru a 2005, lokacin da cibiyoyin jinyar tamowa suka cika suka batse a Maraɗi, jihar da ake ɗauka rumbun ƙasar, kasuwanni kuma da hatsi a cikinsu, kuɗin saye ne babu. Har a binciken 2022 kusan rabin yaran Nijar a tsumbure suke, kuma Maraɗi da Damagaram na cikin inda abin ya fi ƙamari.

Amma bari in koma kan gado, don akwai wata gaskiya a bakin Malam da bai bi ta har ƙarshe ba. Lallai gajeriyar uwa ta fi haifar ɗan da zai tsumbure. Abin tambaya, ita me ya gajarta ta? Yarinyar da ta tsumbure tana 'yar shekara biyu, ta tashi a kan gaya da tsararon kunu, aka aurar da ita jikinta bai gama ginuwa ba, ta ɗauki ciki tana ita ma tana buƙatar abin da za ta girma da shi. Ita da ɗan tayin suna rabon abin da bai ishi mutum ɗaya ba. A binciken 2018, a Arewa maso Yamma kusan uku cikin goma na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 sun riga sun haihu ko suna da ciki. A binciken dai, kashi 58 na matan Nijeriya masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini. Irin wannan uwa takan haifi jariri ɗan mitsitsi, kuma masana sun ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin biyar na tsumburewar yara tun daga ciki take farawa. Idan jaririn mace ce, sai zagayen ya sake. Abin da ake gada a nan yunwa ce da rashin jini, uwa ta miƙa wa 'ya, 'ya ta miƙa wa jika, har mutanen gidan su ɗauka haka Allah ya yi zuriyarsu. Wani ɓangaren kuɗin ma a ɗakin haihuwa ake biyansa: ƙugun da bai buɗe ba, doguwar naƙuda, yoyon fitsari. Wanda ya taɓa leƙa asibitin yoyon fitsari na Babbar Ruga a Katsina ya san shekarun yawancin matan da ke kwance a can.

Shi ya sa masu awon ba yaro kaɗai suke aunawa ba, abin da Malam ya ɗauka shisshigi ne a cikin gidajen mutane. Suna auna tsayin uwa da nauyinta, su ɗiga jininta a ɗan gilashi su ga ƙarfinsa, su tambaye ta sau nawa ta je awon ciki, ko an ba ta ƙwayoyin ƙarin jini, ko ta sha su ko tashin zuciya ya sa ta jefar, wata nawa ne tsakanin wannan ɗan da wansa. Tambayar ƙarshen nan tana da nauyi. Kakanninmu sun san illar gwanne tun kafin a ƙera sikeli, shi ya sa suke aibata shi. Uwa ta ga ciki, ta tsorata da cewa nononta ya gurɓace, a ɗauke yaro rana ɗaya a kai wa kaka yaye yana wata goma. Ya rasa nono, ya rasa uwa, ya ƙi cin abinci, zawo ya biyo baya. Suna kuma tambaya ko an ba jariri ɗakashi, wannan nonon farko mai kauri ruwan ɗorawa da ake matsewa a zubar a wasu gidajen ana cewa ƙazanta ne, alhali shi ne rigakafin farko da yaro ke samu. Suna tambaya ko an ba shi ruwa kafin wata shida. A nan kusan kowa da laifi, masu karatu da marasa shi: da zafin bazara babu kakar da za ta yarda jikanta ya wuni bai sha ruwa ba, duk da fiye da kashi 80 na nonon ruwa ne. Ruwan randa ya cinye gurbin nono a ciki, ya kuma shigo da abin da ya shigo da shi. Jariran da ake shayarwa nono zalla a ƙasar nan ba su kai ɗaya cikin uku ba.

Kada wani ya karanta wannan ya ce to ashe laifin mata ne. Matar da ba ta riƙe da kuɗin cefane, ba ta fita asibiti sai da izini da kuɗin mota, surukarta ce ke yanke abin da jariri zai sha, ba ita za a tsare da tuhuma ba. Malam ya kawo maganar halittar Allah, ni ma na yarda tsawo da gajarta duk halittarsa ce. Amma ayar Suratul Baƙara da ta ambaci shayarwa shekara biyu cikakku, ita ce dai ta ɗora ci da tufatar mai shayarwa a wuyan uban ɗa. Malamanmu sun fi ni sanin wannan. Ban ga yadda za a yi mutum ya bar mai jego da kunun kanwa da tuwo gaya, bayan kwana bakwai na naman suna sun wuce, sannan ya ce ƙaddara ce ta gajarta ɗansa.

Yanzu shawarar a sayi hatsi a raba. Da hatsi ne maganin, da aikin ya yi sauƙi. Yaron da ke rarrafe a tsakar gida tare da kaji da awaki, yana kai hannu baki, yana zawo duk bayan 'yan makonni, hanjinsa ba ya tsotse ko ɗan abin da ya samu. Ga zazzaɓin cizon sauro kowace damina, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma uwa na gona. Ga ƙyanda ga wanda ba a yi wa rigakafi ba. Ga dafin nan da ke fitowa a gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna, wanda wani bincike a Binin da Togo a 2002 ya nuna yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da tsumburewa. Buhun gero ba ya taɓa ko ɗaya cikin waɗannan.

Su kansu masana ba su da sandar tsafi, kuma ya kamata a faɗa. A Ikwado an gwada ba jarirai 'yan wata shida zuwa tara ƙwai ɗaya kullum har wata shida, tsumburewa ta ragu da kashi 47, duniya ta ɗauka an gano bakin zaren. Aka maimaita gwajin a Malawi, tsayin yaran bai motsa ba. Yaran can dama suna samun kifin tafki, abin da ke tauye su wani ne daban. Manyan gwaje-gwaje a Bangaladash da Kenya da Zimbabuwe sun gina masai, sun raba sabulu da maganin tace ruwa, amma hakan kaɗai bai ƙara wa yara tsayi ba. Wani zai ce to ga shi nan, su ma lalube suke yi. Ni kuwa nan na ga babban dalilin awo. Tunda abin da ya yi aiki a wani gari kan ƙi yi a wani, ba ka da hanyar sanin ko kuɗinka na aiki sai ka auna kafin, ka auna bayan. Wanda ya ajiye allo ya raba hatsi zai samu hoto mai kyau da addu'ar tsofaffi, amma ba zai taɓa sanin ko ɗan wata tara ya ƙaru da santimita ɗaya ba.

Ina kuma zaton Malam ya haɗa abu biyu ya yi musu kuɗin goro. Tamowa daban, tsumburewa daban. Tamowa ita ce wadda ake gani: yaro ya rame ƙashi da fata, ko ƙafa ta kumbura, gashi ya yi ja ya yi laushi. Ita ake aunawa da ɗan zaren nan mai kore da ɗorawa da ja da ake naɗawa a damtse. In ya gaza santimita 11.5, ja ke nan, a garzaya asibiti a karɓi ƙullin gyaɗar nan da ake ba masu tamowa. Tana kisa cikin makonni. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce a wata shida na farkon 2025 yara 652 suka mutu a cibiyoyinta a jihar Katsina kaɗai. Wannan ba ta buƙatar mai jayayya, gawa ce ake fitarwa. Tsumburewa kuwa ba ta kuka. Yaron na guje-guje, yana dariya, kumatunsa ma a cike. Sai ka tambayi shekarunsa a ce biyar, kai kuwa ka ba shi uku. Kuma idan shida cikin goma na yaran unguwa haka suke, ido ya saba, shi mai cikakken tsayin ne ma za a riƙa cewa ya cika girman jiki. Ido ba zai gano ta ba sai allo.

To me ya dame mu da tsawo, tunda ba soja za mu kai su duka ba? Malam ya lissafo gajerun mutane masu kaifin basira, kuma da gaskiyarsa, akwai su birjik. Ba tsayin ne abin kuka ba. Manomi in ya shiga gona tsakiyar damina ya ga geronsa bai wuce gwiwa ba alhali na maƙwabci ya kai ƙirji, ba kara yake wa baƙin ciki ba, ya san abin da zangarniya za ta zama. Kwana dubun farko, daga ɗaukar ciki zuwa cika shekara biyu, su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ke ginuwa da saurin da ba za ta sake yi ba, kuma abin da ya hana ƙashi tsawo shi ne yake tauye ta. A Gwatamala, daga 1969 zuwa 1977, an riƙa ba yara da masu ciki a ƙauyuka biyu wani kunu mai madara da sinadarin gina jiki, wasu ƙauyuka biyun kuma ana ba su abin sha mai zaƙi marar madara. Aka bi waɗannan yara har suka girma. Sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna mazan da suka sha kunun kafin su cika shekara biyu suna samun ladan aiki da ya fi na sauran da kashi 46. Matan kuma sun fi daɗewa a makaranta. Kunu ne fa. Idan muna zama muna tattauna me ya sa yaranmu ke faɗuwa jarrabawa, muna zagin malaman firamare, ya kamata mu tuna wani kason na faɗuwar an riga an rubuta shi tun yaron yana goye.

Inda zan ba Malam gaskiya ba tare da ja ba shi ne ingancin awon da abin da ke biyo bayansa. Tsumburewa tsayi ne a gwada da shekaru, shekarun kuwa a ƙauye sau da yawa kintace ne. Fiye da rabin yaran ƙasar nan ba su da rajistar haihuwa a 2018. Ma'aikaci kan zauna yana lalube da uwa: kafin azumi ne ko bayan Babbar Sallah, an yi girbi ko ana shuka? Ga yaro na ihu yana banƙarewa a kan allo, mutum biyu na danne gwiwa. Kuskure na shiga, kuma yana iya ɗaga adadin kaɗan. Amma kuskuren wata biyu ba ya mayar da 14 ta zama 66, ba ya kuma zaɓar gidan talaka ya bar na mai kuɗi, shekara da shekaru, a bincike daban-daban da mutane daban-daban suka yi. Maganin awo mara kyau shi ne a gyara shi, a yi wa yara rajista ranar suna.

Haushin da ya fi cancanta shi ne na mutanen ƙauye, waɗanda ake zuwa da manyan motoci a auna musu 'ya'ya, a tsira musu allura a yatsa, a tafi, ba a dawo an ce ga abin da aka gani ba. Da kuma na uwar da ke kai ɗanta rigakafi a ɗora shi a sikeli, a rubuta lamba a kati ba a ɗiga ta a kan layin girma ba, ba a ce mata komai ba, allon auna tsawo kuwa yana jingine a lungu ƙura ta rufe shi. Wannan awon lallai ɓata lokaci ne. Batun kuɗin ƙungiyoyi kuma, abin kunyar ba shi ne suna ƙirga mana yara ba. Shi ne mun bar musu ƙirgar. Binciken ƙasa da nake ta ambata, shekara da shekaru da tallafin hukumar agajin Amurka aka riƙa yin sa, kuma a farkon 2025 gwamnatin can ta datse shirin. Ba sai Malam ya yi kira a daina awo ba, awon na iya mutuwa da kansa idan jihohinmu ba su sa hannu a aljihu ba.

Ƙasashen da suka fita daga wannan rami ba ta hanyar fasa madubi suka fita ba. Ghana ta sauko daga wajen kashi 35 a 2003 zuwa ƙasa da 20. A Peru, ƙungiyoyin farar hula sun tsare 'yan takarar shugaban ƙasa a zaɓen 2006 suka sa su rattaba hannu cewa za su rage tsumburewar yara 'yan ƙasa da shekara biyar da maki biyar cikin shekara biyar. Aka ɗaure kasafin kuɗin lafiya da sakamako, aka riƙa ba mata matalauta tallafin kuɗi bisa sharaɗin zuwa awon ciki da kai yara awo, ana fitar da alƙaluma akai-akai kowane yanki ya ga inda yake. Daga kashi 28 a 2008 suka sauko 13 a 2016. Mu kuwa binciken 2023 zuwa 2024 ya nuna mun tashi daga 37 zuwa 40.

Zaɓen 2027 na tafe, kuma Malam na da alƙalamin da gwamnoni ke karantawa. Ina roƙonsa, da girmamawa, ya tambaye su adadin jiharsu a 2018, da adadinta yanzu, da wanda za su sa hannu a kai cewa za su kai ta kafin su sauka. Ya tambaye su nawa aka ware wa abincin mata da yara a kasafin bara, nawa aka saki, da asibitocin karkara nawa ne ke da allon awo da ma'aikaciyar da ta iya amfani da shi. In ya samu amsa ya buga mana a filinsa, in bai samu ba ya buga sunayen waɗanda suka yi shiru.